Tarin da na ce mura ce

Ranar Alhamis zan miƙa makullin akwatin fayil na sashen sankara, bayan shekara bakwai ina jinya a can. Abokan aiki sun ce in bar wa waɗanda za su karɓi wayar marasa lafiya ɗan rubutu. Na zauna zan jera ƙa'idoji, sai na ga ko ta ina na faro, kan mace guda nake komawa.

Sankarar mama ce da ita, irin mai HER2, wani furotin da ke hanzarta girman ƙwayoyin sankara, kuma ta riga ta kai hanta da ƙashi. Magungunan trastuzumab da pertuzumab sun riƙe ta tsawon lokaci, daga baya cutar ta sake motsawa, sai aka ɗora ta a kan trastuzumab deruxtecan, wato Enhertu, ƙarin ruwa duk sati uku. Wanda bai ga aikin maganin nan da idonsa ba zai ce ƙari nake yi. Matar da ake turowa a keke, bayan zagaye na uku ta shigo da ƙafarta, ta dire jakarta a kan teburina tana tambayata yaushe gashinta zai dawo. A gwajin DESTINY-Breast03, rabin matan da aka bai wa shi sun kai wata 28.8 cutar ba ta ci gaba ba, alhali na T-DM1, maganin da aka kwatanta shi da shi, wata 6.8 ne. Wannan adadin na haddace shi, shi nake faɗa wa dangi idan na ga gwiwarsu ta yi sanyi.

Akwai wani adadin da na karanta amma bai zauna mini a rai ba. A gwajin da ya gabace shi, DESTINY-Breast01, cikin mata 184 kusan kashi 14 cikin 100 sun samu kumburin huhu, huɗu suka rasu sanadiyyarsa.

Wata Talata da yamma wayar ta yi ƙara, ina tsaka da cire wa wata allura, wasu uku na jira. Matar nan ce a waya. Ta ce, “Sista, ɗan tari nake yi, busasshe, yau kwana biyu. Ba wani abu ba ne, 'yata ce ta matsa sai na kira.” Na tambaye ta zazzaɓi, ta ce babu. Ban tambaye ta ko tana haki idan ta yi 'yar tafiya ba. Na ce, “Hajiya, mura ce ke yawo, ki huta, sai mun haɗu ranar ƙarin ruwanki.” Ta yi mini godiya har sau biyu. Ban sanar da likita ba, ban rubuta a fayil ba.

Bayan kwana tara aka kawo ta, leɓɓanta sun yi duhu, ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya ta ja numfashi. Na maƙala mata na'urar auna oksijin a yatsa, hannuna na rawa, ta nuna 84. Hoton CT ya fito, huhun biyu sun yi fari-fari kamar hazo ya sauka a ciki. Aka fara mata sitiroyid mai ƙarfi, ta yi makonni a kwance, ta koma gida da robar oksijin a hanci. Maganin da ya tashe ta daga keke kuwa an rufe shi har abada, domin ƙa'idarsa ke nan: idan an hango kumburin a hoto tun mara lafiya ba ta jin komai, ana iya dakatarwa a jira ya warke a ci gaba, amma da zarar ya kai ga tari ko haki, an daina ke nan.

Na daɗe ina juya wannan. Ko da na ce ta zo a daren, za a tsayar da maganin. Abin da na hana ta shi ne kwana tara na sitiroyid, kuma huhu ba ya mantuwa da irin wannan jinkiri. Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma abin da zai iya ceto maganin kansa shi ne hoton da ba a ɗauka ba. Wata biyu kafin haka, shugaban sashenmu ya tsawaita tazarar hoton CT ga duk masu irin wannan magani, wai layi ya yi yawa. Na same shi a ofis na ce, “Ranka ya daɗe, masu Enhertu fa?” Ya ce in tsaya a kan aikina. A taron bitar abin da ya faru, kiran wayata kaɗai aka haska a bango, da sa'a da minti. Ba a ambaci hoton ba. Takardar tuhuma guda aka fitar, sunana ne a kanta. Na sa hannu, amma har yau idan na tuna, abin yana tokare mini a maƙogwaro.

Daga nan na sake koyon karanta sakamakon gwaji. Matan da ke cikinsa zaɓaɓɓu ne: masu ƙarfin jiki, zuciyarsu lafiya, an cire duk wadda ta taɓa yin irin wannan ciwon huhu har ta sha sitiroyid, kuma ana yi musu hoto duk sati shida. Namu kuwa kowa ce ta zo, mai ciwon suga, mai hawan jini, tsohuwar da ke shan ƙwayoyi kala shida, wadda ba za ta kira ba don kada ta dame mu. Maganin ɗaya ne, idon da ke kansa ne ba ɗaya ba, kuma wani kaso na waɗancan watannin da muke alfahari da su na wannan idon ne.

Haka na gani da palbociclib, wani maganin sankarar mama. Gwajin PALOMA-2 ya nuna wata 24.8 cutar ba ta ci gaba ba idan an haɗa shi da maganin letrozole, letrozole kaɗai kuma wata 14.5. Amma ƙwaya ce da ake sha a gida, kwana 21 a huta kwana 7, babu mai gani. Na samu wadda ta zarce ba hutu don tana ganin ƙarin ƙoƙari ne, fararen ƙwayoyin jininta suka faɗi warwas. Na samu wadda ta ajiye don ta ji sauƙi. Tun daga lokacin, sai an zo mini da kwalin na ƙirga da hannuna, kuma gwajin jinin rana ta 15 a zagaye biyun farko ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kansa.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Mai trastuzumab, kada hoton zuciyarta na duk wata uku ya wuce. Mai ribociclib, a duba bugun zuciya kafin a fara. Mai abemaciclib, ta tafi gida da maganin gudawa a hannu. A tambayi duk abin da take sha daga wani wuri, don maganin ƙwayoyin cuta na clarithromycin kaɗai na iya ƙara yawan palbociclib, ribociclib da abemaciclib a jini. Idan dangi suka tambayi wata nawa, a faɗa musu adadin tsakiya ne, rabi sun wuce shi, rabi ba su kai ba.

A ƙarƙashin wayar akwai 'yar takarda da na manna da salatif, da tambayoyi huɗu: tari, haki, zazzaɓi, wane magani take kai. Tun da na manna ta, duk mai Enhertu da ta ce mini tana tari a ranar take ganin likita, ko an tashi aiki, kuma na sha harara a kan haka. Don Allah kada a cire ta. Wasiƙar da na rubuta ina neman a dawo da tsohuwar tazarar hoton kuwa, wannan ce ta uku, tana saman fayil ɗin da zan miƙa ranar Alhamis, ba a sa mata hannu ba tukuna.