Shekaruna a Kujerar Manajan Gidan Rediyon Jiha

Ranar da na kama aiki a matsayin janar manajan gidan rediyon jiharmu, ban samu zama a ofis ba. Tsohon injiniyanmu, wanda kowa ke kira Baba, ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka zauna, zo ka ga abin da ke riƙe da gidan nan." Muka fita bayan gari, inda na'urar watsa shirye-shirye ta matsakaicin zango take. Ya zura sanda a tankin man gas na janareta, ya zaro, ya nuna mini inda danshi ya tsaya. Bai kai tsawon yatsa ba.

Na yi sama da shekara 20 a ɗakin labarai, ina ɗaukar cewa ciwon gidan na shirye-shirye ne. Ashe mai ne. Tashar FM ba ta cin wuta sosai, sautinta garau, amma iyakarta birni da kewaye. Matsakaicin zango shi ke shiga ƙauyuka da rugage, da dare ma har ya tsallaka iyaka, kuma shi ne mai shan mai kamar rairayi. Da kuɗin gas ya ninka a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, aka yi ta ba ni shawarar in rufe shi in huta. Ban yarda ba, domin mutumin birni yana da tashoshi barkatai da waya a hannu, na ƙauye kuwa mu kaɗai ke gaya masa ranar rabon taki da ranar rigakafi. Sai na bi kasuwannin ƙauye ina tambayar masu shayi da mahauta lokacin da suke kunna rediyo. Amsar ɗaya ce: bayan asuba, sai kuma daga magariba zuwa kwanciya. Muka tattara man da muke da shi a kan waɗannan lokuta, muka bar FM ta riƙe rana.

Albashi gwamnati ke biya. Kuɗin gudanarwa kuwa sai an ga dama, sauran kuma daga talla da sanarwa. Ko lasisi ba a ɗaga wa gidan rediyon gwamnati ƙafa. A watan Agustan 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, NBC, ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashi, da yawa daga ciki na jihohi ne. Tun daga nan na ware wani kaso na kuɗin talla da ba a taɓawa sai don mai da lasisi, na kuma hana karɓar kuɗi a hannu: banki, rasit, sannan sanarwa ta fita. An yi fushi da ni a kan haka, har da mutanen da muka tashi tare. Cigiya kaɗai na bari kyauta. Uwar da ɗanta ya ɓace ba za a tambaye ta rasit ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai kuskurena ne. Wata wakiliyarmu, yarinya mai ƙwazo, ta kawo rahoton wata makarantar firamare da iska ta yaye rufinta, yara na karatu a gindin bishiya damina na ƙaratowa. Kafin labaran yamma aka kira ni daga sama, aka ce a dakata da shi. Na dakatar. Washegari da safe na ji labarin nan a wata tasha mai zaman kanta, da muryar shugaban makarantar. Ta shigo ofishina ta tsaya, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Yallaɓai, ni na yi musu alkawarin za su ji kansu a rediyonsu. Da wane ido zan koma garin?" Ban sami amsa ba. Har yau ina jin kunyar ranar.

Zamanin da gidan rediyon gwamnati ke shiru labari ya mutu ya wuce. Tun da doka mai lamba 38 ta 1992 ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su kafa tashoshinsu, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta buɗe a Kano a 2003, mai sauraro ya sami inda zai juya. Dama can Bahaushe na da BBC tun 1957. Shirun da na yi bai rufa wa kowa asiri ba, amanar mutane kawai ya rage mana. Daga nan na kafa ƙa'ida a ɗakin labarai: duk rahoton ƙorafi za a kai wa ma'aikatar da abin ya shafa ta faɗi nata, a sa muryoyin biyu tare. In ta ƙi magana, a faɗa cewa an neme ta.

Zaɓen 2023 ne ya gwada ƙa'idar. Kafin a buɗe yaƙin neman zaɓe na sa aka buga farashin fili, aka liƙa a bakin ƙofa, aka aika wa kowace jam'iyya kwafi. Kuɗi ɗaya, tsawon lokaci ɗaya. Shirin siyasa kuma ba kai tsaye ba, sai an naɗa edita ya saurara, saboda na san sojojin baka: da zarar sun ga makirufo sai zagin iyaye, tara kuwa a kanmu za ta faɗo. Da babbar jam'iyyar adawa ta biya ta karɓi fili, waya ta sake ƙara. Wannan karon ban tsaya a waya ba, na tafi da ƙafata wurin wanda ya kira ni, ɗauke da Dokar Zaɓe ta 2022. Na buɗe sashe na 95 na ce, "Ranka ya daɗe, doka ta hana a yi amfani da kafar gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta kuma ce a raba lokaci daidai. In muka hana su, kotu za su tafi, kuma sunan mai girma gwamna za a kira, ba nawa ba. Ga filinku nan, ku turo wanda ya iya magana ya ba su amsa." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya sallame ni.

Shirin ya fita ranar Laraba da dare, a daidai lokacin da na jam'iyya mai mulki ke fita ranar Talata. Sa'o'i 24 kafin zaɓe muka tsayar da na kowa, kamar yadda doka ta ce. Kuɗin gudanarwa ya makale bayan haka, kuma waɗanda suka fi jin jiki su ne ma'aikatan wucin gadi, masu jiran ɗan alawus. Na tara su na buɗe musu littafin kuɗi shafi-shafi, suka ga abin da ya shigo da inda ya tafi. Babu wanda ya ajiye aiki. Da kuɗin tallan siyasa ya taru, su na fara biya, ragowar na miƙa wa Baba ya cika tanki. Wakiliyar nan kuma na mayar da ita garin mai makaranta, ta ɗauko rahoton yadda aka kaɗa ƙuri'a a can.