Jirgin da Na Sa Aka Haɗa Mini Bayan Daren Foge

Jirgin babanmu ya yi shekara goma sha ɗaya a hannuna. Na maɗaci ne, dogo siriri, filafili ɗaya za ka sa masa ya zarce kamar kibiya. Tun ina yaro nake jin tsofaffi suna cewa kafin a datse Kwara a Kainji a 1968, ruwanmu kogi ne, kana wannan gaɓa kana hango mai wanki a ƙetare. Da tafki ya cika, tsakiyarsa ta buɗe har ido ba ya kai ƙarshe, iska ta samu filin gudu. Ruwa ya canza, amma jiragen da yawancinmu muka gada na kogi ne.

Ban san haka a jikina ba sai wani dare a farkon damina. Ni da ƙanena muna ɗaga kalli, wato ragar kamun kifi, a yamma da tsibirin Foge, hadari ya haɗo daga gabas. Kafin mu naɗe rabin ragar iska ta iso. Taguwar tafkin nan ba doguwa ba ce, gajeru ne masu bin juna kusa-kusa, kafin goshin jirgi ya sauko daga ɗaya wata ta mare shi a haƙarƙari. Ruwa ya riƙa shigowa ta gefe. Yaron yana kwasa da yankakkiyar jarka yana salati, ni kuma na yanke ragar, na mayar wa tafki da kifin faliya da muka kwana muna tarawa. Allah ya sa muka faɗa cikin ciyawa, muka maƙale a nan har asuba. Cikin satin na sayar da sa guda da raguna biyu don in samu kuɗin sabon jirgi.

A raina na riga na gama zaɓi: dogon jirgi da injin Yamaha mai doki 40, in hadari ya taso in tsere masa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya ce zai raka ni wurin masu haɗa jirgi a bakin ruwan Yauri. A hanya na gaya masa shirina. Bai ce komai ba sai da muka isa.

“Ɗan nan, hau wancan,” ya ce, yana nuna wani dogo da ke ɗaure. “Taka bakinsa da ƙafa ɗaya.”

Na taka, jirgin ya kwanta har ya kusa shan ruwa. Ya sa na hau wani gajere mai faɗin ciki, na taka, da ƙyar ya sunkuya.

“Kawu, ai wannan jaki ne, ba zai yi gudu ba.”

“Wa ya ce maka ana tsere wa iskar gabas? Wanda za ka zauna a ciki har ta wuce, shi za ka nema.”

Mun yi kwana uku muna zagaye. Abin da Kawu yake dubawa daban ne da abin da nake kallo. Ni ina kallon fenti da tsawo, shi yana sa kamu yana auna faɗin ƙasan jirgi da tsayin gefensa. Ya sa aka zuba mana buhunan yashi kwatankwacin nauyin jiƙaƙƙen taru da kifi da mutum biyu, sannan ya auna abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi. In bai kai kamu ba, sai ya juya kawai. Jirgin da babu kaya a ciki kowanne kyakkyawa ne, a cewarsa. Ya kuma nace goshi ya ɗaga sama sosai, a rufe samansa da katako, don in taguwa ta fashe a kai ruwan ya zube waje.

Akwai jirgin faiba da ya ɗauki hankalina. Ba ya yoyo, ba ya ruɓewa, mutum biyu za su ja shi tudu. Sai dai rashin nauyin nan shi ne matsalarsa a wurinmu, iska tana tura shi gefe kamar ƙwarya. Ga kuma kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin da aka cika tafkin, suna nan tsaye a ƙarƙashi, musamman idan ruwa ya ja baya kafin farin ruwa, wato ambaliyar damina da ke sake cika tafkin, ya zo. Na katako in ya daki kututture, auduga da kwalta da guntun kwano sun isa ka toshe shi a bakin gaɓa. Faiba in ta tsage, sai ka nemi mota ta kai jirgin wurin gyara.

A ƙarshe na ba da aiki a haɗa mini sabo: ya fi na babanmu gajarta da kusan kamu uku, ya fi shi faɗi da kamu guda, aka ƙara katako ɗaya a gefe, aka matso da haƙarƙarin ciki kusa da juna. Inji kuma na sauko zuwa mai doki 15. Da farko kunya nake ji a gaban abokaina, amma da aka cire tallafin mai a 2023, masu 40 da yawa sun koma filafili, ni ina fita. Abin da na kusa mantawa shi ne tsayin katakon baya inda ake ɗaura inji. In ya yi tsawo, duk lokacin da bayan jirgi ya ɗaga sai farfela ta fito tana ihu a iska, a daidai lokacin da kake buƙatarta. Sai da muka kai injin aka auna kafin a yanke.

Kuskuren da na yi nawa ne, kuma Kawu ya faɗa mini. Ina sauri kada kakar kifi ta wuce ni, na matsa wa mai aikin lamba, shi kuma bai ce mini katakon bai gama bushewa ba. Damina ta wuce lafiya. Da hunturu ya kama, gefen da ke saman ruwa ya tsuke, tsakanin katako ya buɗe har kana ganin haske. Ƙusoshin ma na banza ya sa, wata shida suka fara zubar da jan ruwa. Na rasa sati biyu ina sake cusa auduga da canza ƙusa. Da na jira wata guda, da ban yi wannan asara ba. Sannan jirgin yana da nauyi, ranar da mai ya ƙare mini wajen Shagunu na san haka a kafaɗuna.

Rigar kariya kuwa, mu Sarkawa muna da girman kai a kanta, wai ɗan ruwa ba ya nutsewa. Bayan jirgin fasinjan da ya nutse kusa da Wara a watan Mayu 2021, na ga gawarwakin da aka jera a gaɓa. Na sayi riguna biyu. Har yanzu ana yi mini dariya, ina sawa.

Damina ta biyu hadari ya sake samun mu, kusan a wuri guda. Na rage wuta, na karkata goshi kaɗan ina karɓar taguwa a kafaɗar jirgi. Ya hau, ya sauka, ya hau. Ƙanena ya kwashe ruwa sau biyu, ya ajiye jarkar ya riƙe kwandon kifi. Da safe muka kai kurungu da giwan ruwa guda kasuwar Malale. Da na ba Kawu labari, tambaya ɗaya ya yi mini, ko na duba ƙusoshin goshi bayan mun sauka. Ban duba ba. Ya miƙo mini guduma.