Yadda na tashi tsohuwar Mazdar kawuna a tsakar gida

Motar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Mazda MX-5 ce ƙirar 1990, ja, mai kujera biyu da rufin tamfol, fitilunta na gaba suna ɓuya cikin bonet sai an kunna su sannan su ɗago kai. Ta Kwatano ya shigo da ita, cikin motocin da muke kira Beljiyam, ya hau ta shekaru masu yawa a Kaduna. Da ciwon ƙafa ya hana shi taka kuloci sai aka tura ta ƙarƙashin dalbejiya a gidansa, ta yi ta zama har tayoyin suka sace suka tsage, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Ranar da na roƙe shi ita, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, masu sayen ƙarfe sun zo sau uku na hana su. In za ka iya tashinta, ɗauka. In ba za ka iya ba, ka bar mini ita inda take."

Ni malamin makaranta ne, ban taɓa zama gareji ba. Abin da na iya a lokacin bai wuce canza taya da juye baƙin mai ba. Na kafa rumfar kwano a tsakar gidana, aka jawo motar da igiya, muka tura ta ciki ni da yaran unguwa.

Kafin in taɓa noti ko ɗaya na zauna na karanta tarihinta, domin ban san me na ɗauko ba. A Hiroshima ta ƙasar Japan ake ƙera ta, an fara nuna ta ga duniya a bajekolin motoci na Chicago a watan Fabrairun 1989. A Amurka Miata suke ce mata, a Japan kuma Eunos Roadster. Injinta ƙarami ne, lita 1.6, ƙarfinsa wajen doki 115, amma duk motar ba ta kai tan guda ba, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Waɗanda suka ƙera ta suna da wata kalma da suka riƙe, jinba ittai, wato doki da mahayinsa su zama jiki ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah ya ga mahayin da dokinsa ke juyawa tun kafin ya ja linzami, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wannan magana ce ta sa na ƙudurta ba zan sauya mata hali ba. Mutane da dama sun ba ni shawarar in jefa mata injin Toyota in huta, na ƙi.

Tashin injin bai ba ni wuya yadda na zata ba. Na cire fulogi huɗun, na ɗiga baƙin mai a kowane rami, na bar shi kwana biyu, sannan na juya injin da hannu da babbar sifana don in tabbatar fistin bai kame ba. Ya juya. Fetur ɗin da ke cikin tanki ya riga ya koma kamar gam, yana warin fenti. Ana kaiwa ga famfon mai ta wani murfi da ke bayan kujeru, na ciro shi na tarar ya mutu, na sa sabo tare da matatar mai. Ɓeraye sun ci wayoyi a wurare uku, mai rewaya ya zo gida ya haɗa su. Batir a but yake, ba a gaba ba. Da na murɗa makulli ta yi tari sau biyu ta kama, tana ƙara kamar keken ɗinki, bayan minti goma ƙarar ta lafa da mai ya zagaya.

A nan ne na yi babban kuskurena, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Jin injin ya tashi ya ɗebe ni. Na ga bodi bai lotsa ba, rana ce kawai ta cinye jan ya koma kamar bulo, sai na tattara kuɗin da na tanada na kai ta wurin mai fenti. Ta dawo tana sheƙi, kowa ya shigo gidan sai ya tsaya. Da damina ta yi nisa sai na ga ƙuraje suna tasowa a ƙasan ƙofa, dab da gaban tayar baya, ta ɓangarorin biyu. Na danna da sukudireba, ya shige kamar an soka shi cikin burodi.

Abin da ban sani ba shi ne tsatsar wannan mota daga ciki take fitowa. A ƙasashen Turai idan ƙanƙara ta sauka gishiri suke watsawa a kan titi, ruwan gishirin ya shiga lungunan ƙarfe ya zauna, saboda haka motar ta iso Najeriya da cutarta a jiki. Sannan ruwan da ke gangarowa daga rufin tamfol yana taruwa a wani kwararo da ke kewaye da bayan kujeru, ya bi ta bututu biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, ya zube ƙasa. Ganyen dalbejiya da ƙurar hunturu na shekaru sun toshe bututun nan tam. Duk ruwan da ya sauka sai ya nemi wata hanya, ya shige cikin dogon akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa. A motar da ba ta da rufin ƙarfe, wannan akwati shi ke riƙe da tsakiyarta. Idan ya ruɓe, motar na iya yin kyau a ido alhali ƙashin bayanta ya tafi.

Na kira wani dattijo fanalbita, ya zo da injin waldarsa. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa, ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya ce ka yi fenti kafin ka kira ni?" Na ce, "Baba, ba wanda ya ce, zumuɗi ne." Ya yanke fatar waje, muka tarar na ciki ma ya cinye tsawon taƙi guda. Na so ya cike da foti a rufe, don na ga sabon fentina yana ƙonewa, ya ce shi ba ya irin wannan aikin. Ya yanki kwali ya auna, ya fitar da sabon ƙarfe daidai da kaurin na asali, ya lanƙwasa, ya fara da na ciki sannan na waje. Kwana tara muka yi. Kafin ya kunna wuta na cire batir, na kwashe kafet da kujeru, muka ajiye bokitin ruwa da yashi a kusa, domin tankin mai ba shi da nisa da wurin. Bayan an gama na fesa man hana tsatsa a cikin akwatin, na zura siririyar tiyo a bututun ruwan a hankali har na ga ruwa yana zuba ƙasa. Kuɗin fenti sau biyu na biya. Da na fara kwanciya ƙarƙashin motar da tocila da guduma a makon farko, da sau ɗaya zan biya.

Daga nan na sauya tsari. Na sayi littafi, na rubuta ayyuka bisa abin da zai iya kashe mutum, sannan abin da zai iya kashe inji, kwalliya a ƙarshe. Duk abin da zan kwance sai na ɗauki hotonsa da waya, notuna kuma ina zuba su a gwangwanayen madara, kowanne da takardarsa. Mai walda ya haɗa mini ƙafafun ƙarfe huɗu masu kauri. Kafin su, akwai ranar da jak ya zame a kan ƙasa mai laushi, motar ta faɗo a kan tayar da na tura ƙarƙashinta, hannuna bai jima da fitowa ba. Tun ranar ban sake shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai ba, kuma na zuba siminti a rumfar.

Birki ya ci mini mako uku saboda wani ɗan ƙaramin sirri. Fistin ɗin birkin baya ba ya komawa ciki da matsi kamar na gaba. Akwai wani noti a bayansa, idan ka cire shi za ka tarar da ƙaramar kusa mai ramin lungu shida, ita ake juyawa fistin ya ja da baya, kuma da ita ake saita birkin hannu. Na matsa ɗaya da ƙarfi kafin in sani, na lalata shi. Duk tiyon roba na birki na canza su, na zubar da tsohon mai gaba ɗaya, na canza ƙaramin famfon kuloci da ke yoyo a jikin giya.

Sai gaban inji. Motocin MX-5 na 1990 zuwa tsakiyar 1991 suna da wani rauni da masu su suka daɗe da sani: bakin kiranshaf ɗinsu, wato sandar da fistin ke juyawa, gajere ne, idan ba a ɗaure babban notinsa daidai ba, ramin ɗan makullin da ke riƙe da fuli sai ya cinye, taimin ya goce, motar ta rasa ƙarfi. Ana gane su da tsaga huɗu a jikin fuli, waɗanda aka gyara daga baya takwas gare su. Na ƙirga nawa, huɗu. Na kwana biyu ina fargaba kafin in kwance, na tarar ramin lafiya lau. Na sa sabon makulli da sabon noti, na shafa gam ɗin ɗaure noti, na aro sifana mai auna ƙarfi na ɗaure yadda littafin motar ya ce. Wannan noti ba a ɗaure shi da ƙiyasi. Taimin bel ana canza shi ne duk bayan kilomita 100,000, amma nawa tsufa ya tsattsaga shi. Wani abin da ya kwantar mini da hankali shi ne a wannan inji ko bel ya tsinke, fistin ba ya dukan bawul, don haka ɗan koyo na iya gwadawa. Sau biyu na ɗaura shi kafin alamomin su yi daidai.

Zafi shi ne abin da ya fi damuna, don na san abin da watan Afrilu ke yi wa mota a cunkoson Kaduna. Saman lagireto na roba ne, baƙi yake idan sabo ne, nawa ya koma ruwan ƙasa, alamar ya kusa fashewa. Na canza shi da duk tiyoyin ruwa. Akwai wani zoben roba a bayan inji da ke ɗigar da baƙin mai a kan tiyon hita har ya ruɓar da ita, shi ma na canza. Famfon ruwan da na fara saya a wani shago, a kwali mai kyau, bai yi wata biyu ba ya fara yoyo, dole na sake kwance duk gaban injin. Tun daga nan duk abin da ke ɓoye a ciki ba na neman arha a kansa.

Wani makaniki da nake girmamawa ya ce in cire tamostat, abin da ke hana ruwa zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, in jefar, in haɗa fanka kai tsaye, wai abin Turawa ne na ƙasar sanyi. Haka ake yi wa motoci da yawa a garejinmu, kuma ban yarda da shi ba. Injin nan kwamfuta ce ke auna masa mai. Idan ta ga ruwa bai yi zafi ba sai ta yi ta ƙara fetur, a safiyar hunturu injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, fulogi su yi baƙi, mai ya tafi a banza. Motar da ke zafi da tamostat mai lafiya, ciwonta na wani wuri ne, ko lagireto ya toshe ko fanka ba ta tashi. Na sa sabon tamostat na bar fankar a kan na'urarta. Bazara biyu ke nan allurar ba ta wuce tsakiya ba.

Kayan gyara kashi biyu ne. Bel, matatar mai, notuna, boris da tiyo na same su a Panteka, wasu kuma wani abokina ya nemo mini a Ƙofar Ruwa a Kano, domin injin ɗan gidan Mazda 323 ne da aka sani a nan. Amma bushin na ƙafafu da shoka da robobin ƙofa sai daga Ingila, inda motar take da yawa, ta hannun wani ɗan uwa. A nan ma sai da kula, don nasu sitiyari a dama yake, tawa a hagu, wasu abubuwan ba sa shiga. Wani lokaci wata biyu nake jiran ƙunshi ɗaya, motar na kan ƙafafun ƙarfe, uwargida na shanya a gefenta. Ta yi haƙuri da yawa, rabin tsakar gidanta na cinye.

Rufin tamfol wani mai ɗinkin kujerun mota ne ya yi shi. Ya warware tsohon ɗinki bayan ɗinki, ya shimfiɗa shi a kan sabon yadi ya yanka, ya sa sabuwar leda mai haske a tagar baya. Na farko ya yi ɗan sako-sako a kusurwa, ya karɓa ya gyara ba tare da na roƙe shi ba.

Bayan na sabunta takardu da inshora, wata Asabar da la'asar na je gidan Kawu. Sai da ni da jikansa muka riƙe shi ya sauka cikin kujerar, don motar ƙasa-ƙasa take sosai. Na sauke rufin da hannu ɗaya, muka bi hanyar Zariya, duk tudun rage gudu sai na tsallake shi a karkace don kada salansa ta taɓa. Bai ce komai ba har muka wuce Kawo. Da hanya ta buɗe na sa giya ta uku na bar injin ya hau, sai ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, tsaya mata kaɗan a nan, haka take so, kada ka yi saurin canzawa." Na bar ta. A hanyar dawowa magariba ta kawo jiki na kunna fitila, ta hagu ta ɗago nan take, ta dama sai da ta yi jinkiri. Ya nuna ta da sandarsa ya ce tun a hannunsa haka take yi, in duba man da ke jikin hannun da ke ɗaga ta. Washegari na duba, man ya bushe ya zama ƙasa. Na wanke na shafa sabo, na rubuta a littafin, na koma kan na'urar sanyaya cikin motar da har yanzu ban taɓa ba.