Ɗaki biyu da madafa a gindin Dutsen Kwatarkwashi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya san Dutsen Kwatarkwashi. Tun daga nesa yake cika ido, ga garin kwance a gindinsa, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Yawancin matafiya ta tagar mota suke kallonsa su wuce. Ni kuwa nan ne garin mahaifiyata, tun ina yaro nake hawansa tare da 'ya'yan kawuna. Da sashen kakarmu ya fara zama kango bayan rasuwarta, sai na roƙi dangi su bar ni in gyara shi saboda masu sha'awar hawan dutse.

Ɗaki biyu ne, da rumfa, da banɗaki, da madafa. Akwai katifu da gidan sauro, da sola mai ɗaukar fitilu da cajin waya, da randa biyu a inuwa. A madafa na ajiye murhun gawayi, ƙaramar tukunyar gas, tukwane, muciya, ludayi da turmi. Abin da babu shi ne mai dafa abinci, kuma da gangan na yi hakan.

A kan wannan ne muka daɗe muna ja da kawuna. Cewa ya yi, “Ɗana, baƙo ya sauka garinmu kuma ya hura wuta da kansa? Me za a ce da mu?” Na ce, “Allah ya ba ka haƙuri Kawu, wannan baƙon dabam yake.” Na fahimci damuwarsa sarai, domin a wurinmu akushin baƙo mutuncin gida ne. Amma mai hawan dutse ba ya da lokacin cin abinci irin na mutanen gida. Yana sallame sallar asuba yake so ya sha kunu ya kama hanya kafin rana ta gasa dutsen. Dawowarsa kuma babu tabbas: wani kafin azahar ya sauko, wani sai ya zauna can sama yana kallon gonaki har la'asar. In ka ɗora wa matan gida jiran irin wannan mutum, ka wahalar da su. Shi ma kunya za ta hana shi sakewa, ya kasa cewa bai ƙoshi ba, ya kasa ƙara kwana. Da ya san madafar tasa ce, sai ka ga ya zauna hankali kwance.

Akwai kuma abin da ya fi faranta mini rai. Baƙon da zai dafa da kansa dole ya shiga gari cefane. Zai sayi nono wurin 'yar Fulani, ya sayi fura, ya tsaya wurin mahauci, ya nemi kuka da daddawa da ƙuli-ƙuli, wata tsohuwa ta sayar masa da hoce ya sa a jaka ya hau da shi. Kuɗinsa ya ratsa hannaye da yawa ke nan. A wurin cinikin ne kuma dattawa ke ba shi labarin kamun maiki, al'adar da aka san garin da ita a da, lokacin da samari ke hawa ƙololuwar dutsen su kamo tsuntsun. Har kawun nawa yanzu shi ke nuna wa baƙi inda ake samun gawayi mai kyau.

Lokacin da na fi so mutum ya zo shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, sararin sama garau. Da damina dutsen na da santsi ƙwarai, ba na yarda kowa ya hau bayan an yi ruwa. Da hunturu hawan na da daɗi, sai dai hazo kan rufe abin da ka wahala don ka gani. Bazara kuwa, wajen Maris zuwa Mayu, dutsen kan ɗauki zafin da tafin hannu ba ya jurewa. Takalmi mai kama ƙasa, hula, da ruwa fiye da yadda kake zato, su ne guzurin.

Maganar tsaro ba zan ɓoye ta ba, domin duk ɗan Zamfara ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu da hanyoyinmu, kuma abin na ci mini rai. Saboda haka ba na karɓar baƙo sai na tuntuɓi mutanen gari na ji yadda ake ciki, kuma sau da yawa nakan ce wa mutum ya dakata tukuna. In an zo, sai an gaida mai unguwa, ba a hawa sai da ɗan gari, ba a kai magariba a sama, ba a tafiyar dare. Hotuna ma ina roƙon a bari sai an koma gida lafiya kafin a sa su a Facebook.

Bana ina tara kuɗin siminti don in ɗaga katangar baya, in kuma yi wa rumfar daɓe kafin kaka ta zo.