Na Yage Jerin Sarakunan Tsirgaya, Na Sake Lale

'Yan uwa masu koyon ƙaga duniyar tatsuniya, ga inda aka kwana a mako na shida.

Jerin sarakunan Tsirgaya, daular da nake ƙagawa, wanda na cika muku baki a kai makon jiya, na yage shi. Sarakuna 12 na rubuta cikin shekara 600, kowa ya yi hamsin cif, kowa ɗansa ya gaje shi salin-alin. Yayata ce ta karanta muna zaune a tsakar gida, ta ɗago kai ta ce, "Kai Auta, waɗannan sarakunan naka ba su da 'yan uba ne?" Na rasa ta cewa.

Sai na koma ga tarihin garinmu. Daga Bagauda a 999 zuwa Alwali a 1807, sarakuna 43 aka yi a Kano. In ka raba, kowa bai cika shekara 19 ba. Kuma rabon ba daidai yake ba: Muhammadu Rumfa ya riƙe gari daga 1463 zuwa 1499, amma Atuma kwana bakwai ya yi. Wanda ya fi tsaya mini a rai Dakauta ne. Bebe ne, mutane suka ce in aka naɗa shi bakinsa zai buɗe. Aka naɗa, bai ce uffan ba, aka tuɓe shi bayan kwana ɗaya. Wallahi da ni na ƙaga wannan, da kun ce na zuƙa ta da yawa.

Yanzu Tsirgaya na da sarakuna 31, daga gidaje biyu da ba sa ga maciji da juna. Uku ba su ga damina biyu a kan gado ba. Akwai shekara tara da na bari wayam, marokan fada ba sa ambatonsu, kuma ban yanke shawarar abin da suke ɓoyewa ba tukuna.

Ganuwa ma na gyara. Da sarki ɗaya na ba ginin duka, alhali tamu ta Kano Sarki Gijimasu ya fara, na bayansa suka yi ta faɗaɗawa.

Inda na maƙale shi ne kirari. Na yi wa sarakuna huɗu, duk sun fito kamar waƙar talla. Ranar Asabar zan je wajen wani dattijo a Yakasai da ya taso cikin maroƙa, in ji yadda ake ɗora kalma kan kalma. Taswira sai wani makon.