Takunkumin da na sa wa 'yan fansho

Ranar Jumma'a zan miƙa makullin durowata a ɗakin labarai bayan shekara shida ina fassara. Abokan aiki suna ta tambayata me na koya, ni kuwa kalma ɗaya ce take faɗo min: sanction.

Watan Agustan 2023 ne. Sojoji sun kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, Ecowas ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Kalmar nan ba ta barin teburinmu, kullum kuma takunkumi muke cewa, har hannu ya saba ba sai ya tambayi kai ba. Saura minti goma labaran ƙarfe huɗu aka ajiye min sanarwar gwamnatin jiha, cewa majalisar zartarwa ta yi "sanctioned" ɗin biyan bashin 'yan fansho. Na rubuta cewa majalisar ta sa takunkumi a kan biyan, aka karanta wa duniya.

Washegari kafin in iso dattawa sun cika bakin ƙofa. Wani tsoho da fayil ɗin roba a hammata, takardun ciki har sun yi ja, ya riƙo hannun rigata ya ce, "Yaro, wai da gaske an hana mu?" Na ce, "A'a Baba, amincewa aka yi, za a biya." Ya ce, "To wa ya ce an hana?" Na sunkuyar da kai.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Sai dai a ƙasan takardar akwai sa hannun editanmu da jan biro, shaidar ya duba ya yarda. A taron safe bai ambaci wannan ba. Cewa ya yi yaran yanzu ba sa buɗe ƙamus, aka dakatar da ni mako biyu.

A zaman gidan ne na bi kalmar har gidan ubanta. Daga Latin take, daga sancire, wato a tsarkake abu, a tabbatar da shi yadda ba mai taɓawa. Uwarsu ɗaya da saint, waliyyi ke nan, da sanctuary, wuri mai alfarma. A dokokin Rumawa, sanctio shi ne sashen da ke faɗin hukuncin wanda ya karya dokar. To ka ga inda hanya ta rabu: abin da ke ba doka ƙarfi, ta wani gefen amincewar hukuma ne, ta ɗaya gefen horo ne. Turanci ya kwashe duka biyun ya zuba a kalma ɗaya. Ma'anar matsin tattalin arziki a kan ƙasa ta yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, zamanin ƙungiyar ƙasashen da aka kafa a lokacin, wadda ta ƙaƙaba wa Italiya irin wannan matsin a 1935 da ta mamaye Habasha.

Takunkuminmu kuwa fuska ɗaya gare shi. Abin da ake ɗaura wa kura ko raƙumi a baki ne, shi ya sa a 2020 bai yi mana wuya mu kira ƙyallen korona da sunan ba. Ba yadda za ka juya shi ya zama izini. Don haka yanzu nakan duba kan wa kalmar ta sauka. In mutum ne ko ƙasa ko kamfani, galibi horo ne. In aiki ne, kamar biyan kuɗi ko naɗi ko tafiya, to sahalewa ce. Oversight ma haka take, ko sa ido ko sakaci, a kiyaye ta.

Sauran darussan ba su da tsawo. Minti goma ya isa a ɗaga waya a tambayi wanda ya aiko sanarwa. Duk takardar da wani ya sa wa hannu, a yi mata hoto.

Ƙamus ɗina babba na bar wa yarinyar da ta zo bautar ƙasa, na naɗe mata shafin. Takardar nan mai jan biro kuwa tana cikin jakata, da ita zan fita.