Kafin Ku Yage Tsohuwar Rigar Kujerar Fijo

Duk wanda ya sayi tsohuwar Peugeot 504 a nan Jos da niyyar tayar da ita, yakan fara da inji da fenti, ya bar kujeru sai ƙarshe, lokacin da kuɗi suka riga suka ja baya. A nan ne tunanin ɗinka kushin da hannunsa yake zo masa. Ba zan hana ku ba, ƙannena, domin aiki ne mai yiwuwa, amma ina so ku ji inda na yi asara don kada ku bi ta wurin.

Babban kuskurena shi ne na raina tsohuwar rigar kujera. Ganin ta koɗe kuma ta tsattsage, sai na sa reza na yayyaga ta na zubar, ban san cewa ita ce ma'aunin da babu irinsa a kasuwa ba. Kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma rigar da ta fito daga can an yanka ta ne daidai da lanƙwasar ƙarfen kujerar, abin da tef ɗin awo ba zai ba ku ba. Abin da ya kamata shi ne ku ɗauki hotonta ta kowane gefe, ku kwance ƙananan zobban ƙarfen da suka riƙe ta, sa'annan ku warware ɗinkin a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kowane yanki ku sa masa lamba da alli, ku yi alama a inda yake haɗuwa da ɗan'uwansa, kuma kada ku taɓa kujera ta biyu sai kun gama ta farko, domin ita za ku riƙa dubawa idan kun rikice. Ni da na zubar da tawa, sai da na lalata ledar kujera, wato fatar roba, mai yawa ina yanka da ka, kuma har yau kafaɗar kujerar direba tana da tattara.

Na kuma yi gaggawar rufe abin da ke ƙasa. Daminar Jos ba ta wasa, kuma robar ƙofa da ta gilashi idan ta tsufa ruwa yakan sulalo ya kwanta ƙarƙashin kafet, tsatsa ta ci ƙarfe da sifirin. Na ɗora sabon soso a kan sifirin da ya karye, kafin shekara ta zagayo kujerar ta zauna gefe guda. Ku fara kai ƙarfen wurin mai walda a Farin Gada, a kankare tsatsa a shafa fenti, a sauya robobin da ke yoyo. Wajen sayen soso kuwa, ku nemi mai nauyi, domin mai araha yana da laushi a shago amma ba ya jure zama.

Keken ɗinkin gida, irin na ɗinka atamfa, ba ya jan leda mai kauri yadda ya kamata. Ku nemi aron keken masu kushin, ku yi amfani da zaren nailan maimakon na auduga wanda yake ruɓewa, kuma ku buɗe tazarar ɗinkin. Leda ba yadi ba ce: duk hudar da allura ta yi ta zauna ke nan, kuma idan hudojin suka matsu, nan za ta yage ranar da aka zauna a kai. Ku sayi ledar gaba ɗaya lokaci guda, domin launin wani bandir yakan saɓa da na wani.

Sai batun sanyi. A watannin Disamba da Janairu leda takan sandare da safe, ni kuwa na ja ta da ƙarfi a haka har ɗinki ya ɓalle. Ku shanya ta a rana zuwa hantsi, za ta yi laushi ta bi jikin soso ba gardama. Gam kuma a shafa shi a fuska biyu, a jira ya sha iska kafin a manna, a fili, nesa da murhu ko gawayin jin ɗumi, domin yana kama wuta kuma warinsa yana juya kai. Silin motar dai, a karon farko, ku bar wa mai kushin ya ɗaura, ku tsaya kusa ku ga yadda yake jan sa daga tsakiya zuwa gefe.